Yankin Buzu a Kan Bakan Yaya Isuhu

Shekara bakwai ke nan da muka rufe Yaya Isuhu, mijin yayata Rabi, kuma har yau idan barewa ta gitta mini a hanyar Upper Marlboro dariya ce ke riga hawaye zuwa. Direban tasi ne a Washington, amma idan ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce maharbi. Ubansa maharbi ne a wani ƙauye kusa da Maraɗi, haka kakansa. Ni kuwa ƙanin mata, aikina tsokana, kullum ina ce masa farautar fasinja kawai ya iya.

A gidansu ba a aurar da 'yar maharbi sai an ci naman dajin da ubanta ya harbo da hannunsa. Da aka sa ranar bikin 'yarsa Hadiza, a tsakiyar sanyi, sai ya miƙe a gaban jama'a bayan Juma'a ya ce barewa za a ci. Aka kwashe da dariya, ni na fi kowa. Yayata ta ce a sayi rago a huta. Shi kuwa ya riga ya furta, kuma mutum ne da ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce ya faɗa bai cika ba.

Ya nemi izinin farauta, ya sayo baka na katako mai kawuna a lanƙwashe. Mai shagon ya nuna masa wani ɗan abu da ake mannawa a cikin bakan don kibiya ta kwanta a kai kafin a sake ta. Yaya ya ce ubansa bai taɓa yi wa kibiya matashi ba, a kan yatsa ake ɗora ta. Ya manta kibiyar gida ba ta da fukafukai a gindi, ta nan kuwa tana da su. Harbin farko a filin gwaji, fiffiken ya tsaga masa bayan hannu. Ya daɗe yana tuƙi da bandeji, ni kuma ina sanar da duk wanda na gani cewa maharbi ya yi kamun farko.

Sai ya haƙura ya sayi matashin, na roba. Ya yi kyau a filin gwaji. A daji kuwa, wata safiya mai tsananin sanyi, robar ta ƙage, ta karye daidai lokacin da ya saki tsirkiya. Kibiya ta bauɗe ta sami barewa a cinya, ta gudu da ita. Ya wuni yana bin jini bai gan ta ba. Ranar ban tsokane shi ba, don ban taɓa ganin sa a haka ba. Ya ce mini, “Sani, ba naman ba ne ya dame ni. Dabbar ga tana can tana wahala, kuma ni za a tambaya. Ba ni sake harbi sai na samu abin da na yarda da shi.”

Ya gwada na ƙarfe. Wannan ba ya karyewa, amma yana ɗan ƙara idan kibiya ta goge shi, barewar nan kuma kunne gare ta. Kafin ya gama ja ta ɗaga wutsiya ta yi gaba. Biki na matsowa, yayata har ta yi magana da mai raguna a ɓoye.

Wata ranar Lahadi na iske shi a falon gidansa da ke Lanham da reza a hannu, ya shimfiɗa buzun sallarsa, fatar ragon layyarsa ta farko a ƙasar nan. Ya yanki ɗan gefe, bai fi faɗin yatsa biyu ba, ya rage gashin, ya manna a inda kibiya ke kwanciya, gashin na kallon gaba. Yayata ta riƙe baki ta ce, “Malam, buzun naka?” Ya ce, “Hwatar da ta jure goshina shekara da shekaru, ai ba ta gaza ma kibiya ba.” Fata ba ta ƙagewa a sanyi, gashi ba ya ƙara. Ana saura 'yan kwanaki biki ya yi bisimilla ya saki kibiya ɗaya, barewa ba ta yi nisa ba ta faɗi, ya iske ta da sauran rai ya yanka.

Farfesun bai ishi kowa ba, tsoka ɗaiɗai aka yi ta rabawa. Shi da kansa ya riƙe ludayi, cikin babbar riga, yana tambayar duk wanda ya yi masa dariya ko a ƙara masa romo. Ni ya sa mini ƙashi. Ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin na ranar ba.

Yanzu shagunan sun cika da bakuna masu tayoyi, da matashin da ke faɗuwa da kansa idan kibiya ta tashi. Na san da yana nan sai ya juya su ya yaba, sannan ya tambaya ko an gwada su da sanyin asuba. Shi abin da ya dame shi kada dabba ta sha wahala a hannunsa, kada kuma 'yarsa ta ji kunya.

Bara na je gaishe da Hadiza, sai ta shiga ɗaki ta fito da bakan. Fatar tana nan daram. Ita da ta saba amsa mana da Turanci, ranar da Hausa ta yi magana. Ta ce, “Kawu, ni ma ina da ɗiya. Ran bikinta wa zai shiga daji?”

Na ce ai al'adar ta 'yar maharbi ce, uban yarinyar kuwa injiniya ne. Ta ce ai yarinyar jikar maharbi ce, kuma ta riga ta ɗora mini bakan a cinya.

To ga ni nan, da teɓata da tabarau, duk Asabar ina filin gwaji. Har yau allon da ake auna harbi a kansa nake nema, balle barewa. Yarinyar tana aji uku na firamare, ina da sauran lokaci. Allah ya jiƙanka, Yaya. Na karɓa, kuma na faɗa a gaban jama'a.