Inci Biyu a Ƙugun Manaja

Shekara talatin da huɗu Tela ya yi yana auna mutane, kuma bai taɓa faɗa wa kowa gaskiyar ƙugunsa ba. In mutum ya shigo ya ɗaga hannuwa ya riƙe numfashi, sai ya zagaya masa tef, ya duba, ya rage inci biyu ya faɗa da ƙarfi, sannan ya rubuta na gaskiyar a littafi da ɗan ƙaramin rubutu. Wando ya fito daidai, mai wando ya tafi yana jin kansa. Haka ya koya a wurin maigidansa, wanda ya ce da littafi ake yanka yadi, don haka littafi kaɗai ya kamata ya ji gaskiya.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai kallon titi. Kekunan ɗinki biyu ne a ciki, ɗaya ya daɗe da mutuwa ana jibga masa yadi, ga teburin yanka, ga madubi mai tsagewa a gefe, sai ƙofar baya da ke fita tsakar gida. A bakin wannan ƙofar, inda rana ke sauka da hantsi, nan wani damo yake kwanciya.

Wani mai kawo ɗinki ne ya bar shi cikin akwatin katako, ya ce an canza masa wurin aiki, a riƙe masa na mako guda. Shekara bakwai ke nan. Matar Tela ce ta sa masa suna Manaja, domin ba ya taɓa komai, yana kallon masu yi, kuma shi ake fara ba wa abinci. Kullum sai ta ce ba ta ƙaunar ganinsa, yawanci tana faɗin haka ne tana ɓare masa ƙwai.

Manaja ya ci duniya. Dafaffen ƙwai biyu da safe, hantar kaza da rana, ga kitse da mahaucin layin ke ajiye masa. A wurin Tela, abin da aka bar maka amana in ya rame, kai ne ka ji kunya. Haka damon ya yi ta faɗi, har cikinsa ya riga ƙafafunsa taɓa ƙasa. Ya daina zagaya tsakar gida. Daga baya ya daina kai kansa rana, sai an ɗauke shi kamar buhu.

'Yar ƙanen Tela likitar dabbobi ce, tana aiki a wani gari. Da ta zo gaisuwa ta tsuguna ta lallatsa cikin Manaja. Sannan ta ce kitse ya danne masa hanta, in aka ci gaba a haka ba zai kai baɗi ba. Ta ce a daji fara yake ci, da gyare, da katantanwa, kuma sai ya wuni yana yawo kafin ya samu. Daga yau ƙwari masu rai kawai, sau uku a mako, a barbaɗa musu garin ƙarfin ƙashi da za ta aiko, a sake su nesa da shi ya bi su da ƙafarsa. Ƙwai kuwa ko ɓawonsa kada ya gani. Da yake babu sikeli a gidan, ta ɗauki tef ta auna cikinsa da kanta, ta samu inci sha tara, ta ce Baba ya riƙa aunawa duk Asabar ta biyu, za ta kira ta ji.

Tela ya riƙe abin kamar ɗinkin biki. Ya huda murfin bokiti ya fara kiwon kyankyasai, yana ba su ɓawon karas da ganye, domin Likita ta ce abin da ƙwaro ya ci shi damo ke ci. Matarsa ta tsaya a kan bokitin ta ce shekara talatin tana bin su da silifa, yau ga shi ana tambayarta ko ta rage musu ɓawo. Mahauci ya yi fushi na kwana uku. Manaja kuwa kyankyaso ya wuce ta gaban hancinsa, ya bi shi da ido ɗaya, ya zaro harshe ya mayar.

Asabar ta zo. Tela ya durƙusa ya zagaya tef, waya a kunne, Manaja na kallonsa. Tef ya nuna sha tara.

"Sha bakwai," in ji Tela.

Likita ta ce inci biyu a mako biyu ya yi sauri, irin wannan zubewar ma haɗari ce, a mayar masa da ƙwai ɗaya sau biyu a mako. Tela bai ga abin gyarawa a maganar ba. Likita ce ta faɗa, kuma ya daɗe yana jin nauyin idon nan ɗaya na Manaja. Asabar ta gaba ya ce sha bakwai da rabi, ta ce madalla, jiki ya daidaita. Ta gaba ya ce sha takwas, ta ce a dai sa ido.

A wata na biyu Manaja ya ƙi ko ƙwan. Ya kwanta baki a buɗe, numfashi na fita da ƙyar. Tela ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai yi ba ko ranar da rufin ya zuba. Matarsa ce ta kira Likita, ta ce ba don damon ba, don Malam ya daina cin abinci.

Likita ta iso washegari da hantsi. Ko zama ba ta yi ba ta ciro tef daga wuyan Tela ta auna. Ta sake aunawa. Sannan ta buɗe littafin da ke kan tebur, ta sami shafin Manaja tsakanin na wani malamin makaranta da na wani direba. Sha tara, sha tara da rabi, ashirin, duk da ɗan ƙaramin rubutu.

"Baba, ka ce mini sha bakwai."

"A gabansa kika tambaye ni, 'yata."

"Damo ne fa, Baba."

"To, amma yana wurin."

Ta juya wurin matarsa neman taimako. Ita kuwa cewa ta yi sai yanzu ta gane dalilin da tun aurensu ƙugunta bai wuce talatin da biyu ba.

An yi wa Manaja allura, an ɗura masa ruwa, Likita ta kwana biyu tana dubansa. Kafin ta tafi ta nemi Baba ya yi mata alkawarin faɗin abin da tef ya nuna. Ya juya almakashi a hannunsa, sannan ya ce zai iya, amma ba a cikin shago ba. Tun daga nan duk Asabar ta biyu yana aunawa, ya rubuta, ya tsallaka titi zuwa gindin turken lantarki, ya juya wa shagon baya, ya karanta mata lambar ƙasa-ƙasa.

Lambar ta yi wata guda ba ta motsa ba, sannan ta fara sauka da rubu'in inci. A wata na biyar, Tela na tsakiyar ɗinkin wuyan riga, wani gyare ya tsere daga gwangwani ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin keke. Sai ya ji ƙarar farce a kan siminti. Manaja ne ya taho, ciki a sama, akwai haske tsakaninsa da ƙasa, yana karkaɗa jiki a hankali kamar wanda ya zo duba ma'aikata. Tela ya ɗage ƙafarsa daga kan feda ya ba shi hanya, ya zauna da rigar a hannu har aka gama cin gyaren.