Kwalin da Ke Ƙarƙashin Majigi

Har gobe ban manta da wata Litinin ta watan Fabrairu ba, ranar da 'yan aji guda suka kusa sa ni na yarda cewa tsufa ya fara cin ƙwaƙwalwata. Ku da kuka shigo aikin koyarwa kwanan nan nake ba wa labarin, tun ba a ba ku aji na kanku ba.

A lokacin na yi ritaya daga makarantun gwamnati, inda na ƙare a matsayin mataimakin firinsifal mai kula da karatu. Ina zaune a gidana a Gyaɗi-Gyaɗi, ba ni da aiki sai karanta jaridar da ta kwana, da gyara rubutun allunan shaguna a zuciyata. Sai wata Hajiya mai makarantar kuɗi a Tarauni ta aiko a kira ni. Ga wanda bai san tsarin ba: idan jarrabawar fita daga sakandare ta matso, makarantun kuɗi kan ɗauko tsohon hannu ya yi wa 'yan ajin ƙarshe bita. Ba sabon karatu zai koyar ba, tsohon zai motsa don kada ya kama ƙasan tukunya. Ni aka ba ni adabin Turanci. A wannan darasi hukumar jarrabawa ce ke zaɓen littafi, a karanta shi bango zuwa bango, daga cikinsa kuma tambayoyin za su fito. Duk yaron da ke son karatun lauya a jami'a, sai ya ci wannan takarda.

"Malam, aikin ba yawa," in ji Hajiya. "Shafa mai kawai za ka yi. Ai muna da Bature."

Na riga na san suna da Bature, don hotonsa da ke kan ƙyallen tallan makarantar ya fi sunan makarantar girma. Mista Kolin sunansa. Yana cikin malaman nan da ke yawo ƙasa-ƙasa da harshen uwarsu, kamar mai tallan turare: shekara biyu a ƙasashen gabas, shekara guda wajen Larabawa, yanzu ga shi a Kano. Mutum ne mai fara'a, ya iya "sannu da aiki", yana kuma faɗinta da yawa, galibi daga zaune. Yara suna kiran sa Mista Rilas, saboda duk abin da aka kawo masa, ka kwantar da hankali ce amsarsa. Shi ke koyar da adabin. Shugaban sashen Turanci kuwa Malam Kabiru ne, matashi mai digiri biyu da takalmi mai ƙyalli.

Kafin na shiga aji, Malam Kabiru ya nuna mini sakamakon mok, wato jarrabawar gwaji da makaranta ke yi wa ɗalibanta don ta san inda suka tsaya. Kusan kowa ya ci. Na ce a raina, to, ashe kuɗin adaidaita kawai zan riƙa ɓarnatarwa.

Littafin na san shi, na koyar da shi a shekarata ta ƙarshe. Labarin wani saurayi ne da ya bar ƙauyensu ya tafi birni, birni ya tauna shi ya tofar, ya kamo hanyar gida, ya nutse a kogi yana hango rufin ɗakin uwarsa. Duk nauyin littafin a kan wannan mutuwar yake. Don haka da na shiga, muka gaisa, sai na fara daga nan.

"Wa zai gaya mini dalilin da ya sa marubucin ya bar saurayin nan ya nutse, bayan ya kusa isa gida?"

Shiru. Shirun rashin sani na san shi, na yi shekaru ina cin abinci da shi. Wannan wani ne daban, irin wanda ake yi idan babba ya yi ɓaranɓarama a gaban jama'a.

Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu. Rumasa'u sunanta, ita ce ta zo ta ɗaya a mok, kuma Hajiya ta riga ta faɗa mini lauya take son zama.

"Malam, ka yi haƙuri, ai bai mutu ba."

"Bai mutu ba?"

"Masunta ne suka tsamo shi. Daga baya ma ya auri yarinyar nan mai sayar da furanni."

Wani daga baya ya ƙara da cewa, "Har da rawa, Malam." Aji ya ɗauka, kowa na gyaɗa kai.

Wallahi sai da na tsorata, kuma ba don su ba, don kaina. Na ce shi ke nan, abin da ake faɗa ya zo, na fara haɗa littafi da littafi. Na buɗe jakata, na ciro kwafina, na buɗe babin ƙarshe. Ga saurayi nan a ƙarƙashin ruwa inda na bar shi. Babu masunta. Mai sayar da furanni kuwa, ko a mafarki marubucin bai san ta ba.

"Ku fito da littattafanku," na ce.

Suka kalli juna.

"Suna ɗakin kallo, Malam," in ji Rumasa'u. "Mista Kolin ya ce zai raba mana idan mun gama fahimtar labarin."

"Tun yaushe?"

"Tun muna aji biyar."

Ɗakin kallo wani ɗaki ne mai labule da na'urar sanyaya iska, abin alfaharin Hajiya, nan ake fara kai iyaye idan sun zo ganin makaranta. Na samu Mista Kolin a ciki ya miƙe ƙafa a kan kujera, yana shan zoɓo. A tsakiyar ɗakin ga tebur, a kan tebur ga kwali, a kan kwali ga majigi. Na karanta rubutun jikin kwalin. Littattafan ne. Ko gam ɗin da aka liƙe bakinsa da shi ba a yanka ba. Tebur ya yi gajarta, hoto ba ya kaiwa tsakiyar bango, sai aka nemi abin ɗorawa. Kada dai a ce ba a yi amfani da littattafan ba. An yi, kullum.

Na tambaye shi cikin harshensa, da duk ladabin da na iya tattarowa. Ya ce yaran zamani ba sa karatu, a duk ƙasar da ya je haka ne, shi ya sa yake koyarwa da ido. An yi fim ɗin littafin, ya samo, yana nuna musu kashi-kashi, su tattauna. Na ce masa masu fim sun canza ƙarshen, a littafi saurayin mutuwa ya yi.

Ya sauke ƙafarsa. Ya ajiye zoɓon.

"Mutuwa ya yi?" in ji shi. "Kai, abin tausayi."

Na daɗe a aikin nan. Na ga malamin da ke barci a aji, na ga mai aiken ɗalibai cefane, na ga wanda ya shekara yana karanto wa yara darasin da ya rubuta tun yana ɗalibi. Amma ban taɓa yi wa malami ta'aziyyar jarumin littafin da yake koyarwa ba sai ran nan.

Duk da haka ba shi ne ya fi girgiza ni ba. Ina fitowa sai na tuna sakamakon mok. Na wuce ofishin malamai, na samu Malam Kabiru yana danna waya.

"Malam Kabiru, wa ya duba takardun adabi?"

"Ni ne, Baba. Bature ya ce idonsa na ciwo."

"Ka yi tambaya a kan ƙarshen labarin?"

"Ita ce ta farko. Sun yi ƙoƙari ƙwarai."

"Me suka rubuta?"

"Maganar auren nan mana."

"Kai ka karanta littafin?"

Ya gyara zama. "Baba, gaskiya ban samu sarari ba. Amma na ga dukkansu abu ɗaya suka rubuta. Ai aji guda ba zai taru a kan kuskure ba."

Wato ijma'i ya yi aiki da shi. Na ce masa ko malaman fiƙihu sai da nassi suke kafa ijma'i, shi kuwa nassinsa na can majigi ya hau kai. Bai yi dariya ba, ni ma ba don dariya na faɗa ba.

"To Baba, ya za mu yi? Mutum harshensa ne. Ni zan je na ce wa Bature ya kawo tsarin darasinsa na duba? Kuma baƙo ne."

A nan na gane yadda abin ya faru. A ƙa'ida, kowane malami yana kai wa shugaban sashe tsarin darasinsa duk mako, shugaban sashe kuma yakan shiga aji lokaci-lokaci ya zauna a baya. Ba wanda ya taɓa yi wa Mista Kolin haka. An kira abin kunya, an kira shi girmama baƙo. Amma kunyar ta zo wa kowa daidai wuyansa kamar ɗinkin tela. Tunda mai harshe ya zo, malamin insha'i ya rage ba da aikin gida, mai koyar da furuci ya ce su dai saurari Bature. Lokacin kallo kuwa, har malamin lissafi kan shigo ya sha sanyi. Kusan duk ofishin sun halarci bikin saurayin nan.

Hajiya da na kai mata maganar, abin da ta fara cewa shi ne, "Malam, kada ta fita." Amma Rumasa'u ta riga ta kai ta gida. Washegari mahaifiyarta, Sista Binta, nas a asibitin koyarwa, ta taho daga Unguwar Gano da fararen kayanta kafin ta wuce aiki. Ba ta ɗaga murya ba. Aka kira Mista Kolin da Malam Kabiru, ni ma ina zaune.

"Hajiya," ta ce, "ni in likita ya rubuta magani, na ɗora fanka a kan kwalinsa, na nuna wa mara lafiya hoton mutum mai lafiya, me za a yi mini?"

Hajiya ta ce, "Sista, a yi haƙuri, za a gyara."

"Haƙuri na gama yin sa tun a adaidaita. Yarinyar nan tun tana firamare take cewa lauya. Watan Mayu za su shiga jarrabawa. Abu ɗaya nake son ji: za ta iya, ko na fara lallashinta tun yau?"

Kowa ya juyo ya kalle ni, har Bature. Na ce ban yi alkawarin ci ba, amma na yi alkawarin za ta karanta littafin.

A ranar aka sauke majigi. Da reza na yanka gam ɗin a gaban 'yan ajin, na raba musu, ƙamshin sabuwar takarda ya cika ɗakin. Kullum bayan Azahar mu zauna, kowa ya karanta sakin layi da ƙarfi, mu tsaya mu tattauna. Na roƙi Hajiya ta sa Malam Kabiru ya riƙa zama tare da mu da nasa kwafin, ta sa shi. Mista Kolin ya zo sau ɗaya, ya yaba tsarin ƙwarai, bai ƙara dawowa ba.

Koyar da wanda bai sani ba ya fi sauƙi a kan cire wa mutum abin da ya gani da idonsa. Muna tsakiyar littafi suna tambayata yaushe mai furanni za ta fito. Ranar da muka kai babin ƙarshe, layin ya faɗo kan Rumasa'u. Ta karanta har inda ruwa ya rufe kansa, ta juya shafi tana neman masunta, ta tarar da farar takarda. Sai ta kife littafin ta fashe da kuka.

"Malam, yana ganin ɗakin uwarsa fa."

Na ce, "To, 'yata, yanzu ki amsa mini tambayar da na yi miki ran Litinin ɗin nan."

Ta share ido ta amsa, kuma amsar ta fi wadda na saba bayarwa. Na waiga baya, na ga Malam Kabiru ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa.

Da sakamako ya fito, Rumasa'u ta ci, irin cin da ake yi wa hamdala ba guɗa ba, amma ya ishe ta shiga karatun lauya. Wasu daga cikin ajin sun faɗi. Ɗaya ya same ni ya ce, "Malam, na san ya mutu, amma da na zauna a ɗakin jarrabawa rawar ce kawai take zo mini." Ban yi masa faɗa ba. Shekara guda da wani abu yana kallon biki, ni kuwa 'yan makonni na yi ina kai shi jana'iza.

Mista Kolin ya bar Kano a ƙarshen zangon, da takardar yabo daga Hajiya, don ba ta son surutu. Na ji ya samu wata ƙasar, yana koyar da Turanci. Hotonsa ya ƙara shekara a kan ƙyallen talla, har rana ta cinye shi.

Abin da na koya shi ne, malalacin baƙo ba ya kwanciya sai a tabarmar da 'yan gida suka shimfiɗa masa, kuma sau da yawa sun shimfiɗa ta da faɗi ne don su ma su samu gefe. Tun daga lokacin, duk sanda aka sa ni tantance sabon malamin adabi, ɗan Tarauni ne ko daga bayan teku ya zo, ba na fara duba takardunsa. Nakan miƙa masa ruwa, na jira ya sha, sannan na ce, "Malam, yaya littafin ya ƙare?"