Ranar da Baba ya bi jirgin da ba kowa

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta abin da Baba ya yi mana a kogin Potomac da ke Amurka.

Yayana injiniya ne, kamfaninsu na ƙera ƙananan jiragen ruwa masu tuƙa kansu. Shekara uku yana fama da guda ɗaya, ran nan kuma za a gwada shi a gaban manyan sojan ruwa. In ya burge su su ɗauka, in bai burge ba wahalarsa ta tashi a banza. Baba ya zo daga Yauri a duba masa ido, ya ce ƙafarsa ƙafar Yaya. Tun a gida Yaya ya ja ni gefe: "Aikinki ɗaya ne, ki zauna kusa da shi ki yi masa bayani."

Aka zuba mu 'yan kallo a jirgin fito mai aiki da hasken rana. Baba kuwa a kwalekwale ya tsufa, sai tambaya ta ɓarke. "Ina injin? Me ya sa ba ya ƙara? In hadari ya rufe rana fa, a nan za mu kwana?" Na amsa biyu, na gaji.

"Haba Baba, ka kalla kawai mana!"

Na koma kan wayata. Ban taɓa gaya masa jirgin Yaya ba ya ɗaukar mutum ba, na ɗauka ya sani. A wajenmu kuwa, in ka ga jirgi na tafiya ba kowa, mai shi ya faɗa ruwa ke nan, kuma ba a tsayawa shawara.

Jirgin Yaya na zuwa wucewa ta gabanmu, salatin Baba kawai na ji. Kafin in ɗago, babbar riga na kan cinyata, hula a ƙasa, tsoho ya yi tsundum cikin ruwan nan mai sanyin ƙanƙara. Ya nutse, ya taso, ya sake nutsewa, wai yana laluben direba! Jiniya ta ɗauka, aka kashe jirgin Yaya, aka tsayar da komai. Ni ina ta ihu da Hausa, kamar akwai Baturen da zai gane.

Da aka tsamo shi aka naɗe a bargo, haƙoransa na kaɗawa, ni ya fara tambaya: "An same shi?"

"Wa? Ba kowa a ciki, Baba! Haka aka yi shi!"

Ya dube ni sama da ƙasa. "To da akwai fa? Ku duka kuna tsaye kuna ɗaukar hoto."

Sojojin suka shiga motocinsu, ba a sake kiran kamfanin ba. Yaya bai iya yi wa Baba faɗa ba, don haka a kaina ya sauke, wata guda ko gaisuwata ba ya amsawa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don jumla ɗaya ce ta gagare ni. Tun ranar, in babba ya tambaye ni abu, ko sau goma ne, ajiye wayar nake in ba shi amsa.