Yagana tana ji a ɗaki, ba ta ji a taro

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan ban saka ko hoton ɗinki ɗaya a shafin nan ba. Masu turo saƙo suna tambayar ko lafiya, ku yi haƙuri da shiruna. Jinyar 'yata Yagana ce ta ɗauke ni, sai yanzu na samu bakin magana.

Shekararta bakwai. Bara da damina ta yi zazzaɓi mai zafi, kunnenta na dama ya yi ta zubar da ruwa. Muka sayo maganin ɗigawa a kemis, ruwan ya tsaya, muka ce an warke.

Bayan nan sai ta canza mana. In muna ɗaki ni da ita, ko raɗa na yi tana ji. Amma in keken ɗinki na aiki ko rediyo na kunne, sai in kira ta sau uku ba ta juyo ba. Malamarsu ta aiko cewa ta daina amsa tambaya a aji. Kakarta ta ce, "Ji take yi sarai, raini ne kawai."

Na yarda da maganar. Na dake ta a kan haka, ba sau ɗaya ba.

Wata Asabar muka bi babanta gonar shinkafa a wajen Auyo. Injin ban ruwa yana ta ƙara, Yagana ta nufi bakin kogi, daidai inda ƙasa ta zaftare. Babanta ya ɗaga murya, "Yagana, tsaya!" Ni ma na ƙwala mata kira. Tsakaninmu bai fi taku goma ba, amma ko waiwayowa ba ta yi ba. Da gudu ya cafko rigarta.

Tana kuka ta ce, "Abba, na ji ana magana, amma ban san me ake cewa ba."



Ranar Litinin muka je asibiti a nan Haɗeja. Likita ya haska kunnuwan biyu, ya ce ruwa ya taru a bayan dodon kowanne, ya rubuta mana takarda zuwa Kano. Muka yi sammako, muka yanki kati, muka bi layi har azahar.

Wata ma'aikaciya mai gwajin ji ta shigar da ita wani ɗan ɗaki da ba a jin motsin komai. Ta sa mata abin sauraro a kunne, ta riƙa faɗin kalmomi. Yagana ta maimaita kusan duka. Har na fara cewa a raina mun yi wahalar banza.

Sai matar ta kunna sautin hayaniya irin ta kasuwa, ta ce, "Shanu." Yagana ta ce, "Hannu." Ta ce, "Sabulu." Yarinyar ta juyo tana kallona, tana neman in taimake ta.

Matar ta ce, "Maman Yagana, kin gani? Siraran sautuka irin su sa da sha da fa su ne ke ɓace mata, hayaniya kuma ta zo ta rufe sauran. Babba zai iya cikasa maganar da hasashe. Yaro bai tara kalmomin da zai yi haka ba tukuna."

Na ce, "Kurumcewa za ta yi?"

Ta ce, "In sha Allahu a'a. Kun zo da sauran lokaci."

A bakin ɗakin na durƙusa na roƙi 'yata gafarar dukan da na yi mata. Ta ce, "Umma, ai ba ki sani ba."

An yi mata ƙaramin aiki aka zuƙe ruwan kunnuwan biyu. Lokacin da aka yi mata allurar barci aka tura gadonta cikin ɗakin tiyata, addu'ar da na iya duk ta ɓace mini, sai Hasbunallahu kawai nake maimaitawa. Kwana ɗaya muka yi aka sallame mu.

Na hagu ya dawo daidai. Na dama likita ya ce ciwon ya taɓa jijiya, ba zai koma kamar da ba, sai da na'urar taimaka wa ji. Tana da tsada. Babanta ya sayar da rabin shinkafar da muka ajiye don ci, muka sayo ta.

Kada ku zata ana sakawa shi ke nan. Ranar farko a cikin adaidaita sahu ta fizge ta tana kuka, "Umma, komai ihu yake yi!" Sau biyu muka koma Kano aka daidaita ta. Malamarsu, Allah ya saka mata, ta dawo da ita layin gaba, nesa da taga, kuma ta daina yin bayani tana fuskantar allo.

Makon jiya muka je suna gidan ƙanwata. Mata cike da tsakar gida, har da 'yar uwarmu Bintu, kowa na magana. A hanyar dawowa Yagana ta ja mayafina ta ce, "Umma, na ji Anti Bintu tana cewa miyar ba gishiri." Na yi dariya har da hawaye a tsakiyar titi.

Alhamdulillah. Na gode wa likitoci da ma'aikatan da suka yi haƙuri da tambayoyina, da maƙwabtan da suka riƙe mini sauran yara.

Iyaye, in kunnen yaro ya yi ruwa, ku kai shi asibiti ko da ruwan ya tsaya. In yana ji a ɗaki amma ba ya ji a taro, ku faɗa wa likita haka ƙarara, ku roƙi a gwada shi cikin hayaniya. In za ku yi masa magana, ku kashe rediyo, ku matso, ku bari ya ga bakinku. Ku je ku sanar da malaminsa da kanku.

A layin nan na Kano na bar iyaye da yawa riƙe da hannun 'ya'yansu. Ku sa su a addu'a. Allah ya ba kowa lafiya.