Baƙin da Magani Ya Bari

Ranar Talata ce, ranar wankin ciwo. Na dama koko na sayo ƙosai, mijina Malam Sani yana ta kokawa da ludayi da hannun hagu. Kwana goma sha ɗaya ke nan da wutar fetur ta kama masa hannun dama a shagonsa na gyaran janareta. Na ce ya kawo in ba shi a baki, ya ce shi ba Fa'iza ba ne. Fa'iza 'yarmu ce, watanta tara. Na ce to ya ci gaba da wanke rigarsa da koko.

Ƙarfe takwas muka bar gida a Kusfa muka nufi asibiti, ni da goyo, shi da hannu a sama. Ƙaramin asibiti ne, ba a kwantar da kowa. Sista Rahila, 'yar Wusasa, ita ke masa wankin. Wani ƙyalle take shimfiɗa masa mai sinadarin azurfa, mai kashe ƙwayoyin cuta, sai bayan kwana uku a canja. Tun ranar farko ta ja mana kunne: kada a ɓamɓare shi a bushe, sai an jiƙa. Ta kuma ce zai bar baƙi a fata, kada mu tsorata. Ya bari kuwa, kamar gindin tukunya. Da ta buɗe a ranar, ta nuna mini sabuwar fata ja-ja-ja a gefen ƙunar. Wallahi har guɗa na so in yi.

Tara da kwata ta gama naɗe bandeji. Nan muka ji ƙarar bindiga ta farko, tau! Sai biyu a jere. Sai ihu daga wajen kasuwa, hayaƙi ya turnuƙe. Wani ya shigo a guje ya ce an cinna wa rumfuna wuta, masu rumfunan sun fito da mutanensu suna neman waɗanda suka yi.

"Ku fita ta baya!" in ji Sista.

Muka fita. Katinsa na asibiti yana hannuna, na ajiye kan benci don in gyara goyo. Can na bar shi. Ni na bar shi, ba wani ba.

Hanyar gida ta toshe. Muka bi lungu muka nufi ƙofar gari, da nufin mu kai gidan yayata a Tudun Jukun. Takalmina ɗaya ya fita a kwata. Fa'iza ko uhum ba ta yi ba, har sai da na taɓa ta in ji tana numfashi.

Goma saura muka iso ƙofa. Wasu mutane sun gitta itace a hanya. Sun kai ashirin, da adduna da gora, biyu da bindiga. Ban san ko ɗaya ba.

"Mata gefe! Maza ku ɗaga hannu!"

Cikin hannuwan nan duka, nasa ne fari fat.

"Kai mai bandeji! Fito!"

Ya fito yana cewa daga asibiti yake. Suka ce kati. Ya waiwayo ya dube ni. Wannan kallon har yau bai bar ni ba.

Wani dogo ya kama bakin bandejin ya warware, ya fizge ƙyallen a bushe. Sabuwar fatar ta biyo shi. Ban taɓa jin Malam ya yi irin wannan ƙarar ba.

"Ga baƙin wuta nan!"

Wani ya shinshina rigarsa. Mai gyaran janareta, ina rigarsa za ta rabu da warin fetur? Na yi ta ihu ina cewa magani ne, azurfa ce, su je su tambayi Sista. Dariya suka yi. Azurfa a hannun talaka! Aka sauke mini gora a kafaɗa, yatsu biyu tsakaninta da kan Fa'iza.

"Wuce, ko ki bi shi!"

Na wuce. Allah ya isa tsakanina da su. Da na waiga, suna tura shi bayan wata a-kori-kura, hannun yana ɗiga a ƙasa.

Sha ɗaya da rabi na isa gidan Yaya, ƙafa ɗaya jina-jina. Da gari ya lafa, ƙannensa suka zaga asibitoci da ɗakunan ajiye gawa da duk inda aka ce an tsare mutane. Babu.

Yau wata bakwai. Ba a ga gawa ba, don haka ba a yi masa salla ba, ba a yi zaman makoki ba, ban shiga takaba ba. Makon jiya wata baƙuwa ta tambaye ni ko ina da miji. Na buɗe baki, na rasa wacce zan ce, i ko a'a.