Farar da Na Soya wa Yaya Isuhu

Bana shekara arba'in da bakwai ke nan da muka binne yayana Isuhu a Sabha. Tare muka tafi lokacin da kuɗin mai ya buɗe Libiya, muka samu aikin ban-ruwa a wata gona bayan gari, muna haya a unguwar Manshiya.

'Yata Hadiza, malamar makaranta, ita ta tayar mini da maganar tana shirya darasi. Ta ce fara ƙwaro ce mai ƙafa shida, babu ƙashi a jikinta, kuma ba wanda ke fargabar ƙarewarta. Kadafkarar sahara kuwa, wadda Larabawa ke kira hubara, tsuntsuwa ce mai ƙashin baya, yanzu tana cikin jerin halittun da ake tsoron su ƙare. Da Yaya yana raye da ya yi dariyar wannan rabe-raben. A wurinsa tsuntsu da fara hanyarsu ɗaya, abin da ya shiga cikin fara zai shiga cikin mai cinta.

A gida da sanyin safiya muke tsintar fara, kafin rana ta sake mata fikafikai. Wata safiya a Sabha na tarar da ita zube a bakin gonar, ko motsin kirki ba ta yi, na ce ai sanyi ne. Ban san an yi feshin magani ba. Amma na ga kadafkara biyu matattu a wurin, ba rauni ko ɗaya a jikinsu. Kwaɗayin gida ya rinjaye ni, na tura musu yashi da ƙafa, na cika buhuna.

Na soya ta da yaji. Yaya ya miƙa hannu, sai ya tsaya.

"Ƙanena, ba ka ga wani abu a wurin ba?"

"Babu komai, Yaya."

Kaɗan na ci na bar masa sauran, wai ni mai ladabi. Ni na yi amai na tashi. Shi kwana uku ya yi a asibiti.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Ya bar 'ya'ya biyu da na rena, Musa da Rabi, masu hankalinsa da tambaya kafin a kai abu baki. Duk tsawon shekarun nan zazzaɓi na ce musu ya kashe shi, kuma kunya nake ji duk ranar da suka kira ni Baba. Allah ya jiƙan Yaya. Musa, Rabi, ba zazzaɓi ba ne. Ya tambaye ni, na yi masa ƙarya.