Ranar da Inna Ta Kira Sunan Ɗanta na Fari

Uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ban taɓa jin sunan mijina a bakinta ba tun da aka kawo ni gidansu, a wani ƙauye tsakanin Gafasa da Ajingi. Shi ne ɗanta na fari, a wajenmu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Wasu matan sukan sassauta in ɗa ya girma. Inna ba ta sassauta ba. In tuwo ya sauka sai ta ce mini a kai wa yaron nan. Yaron nan kuwa har ya fara furfura a gemu.

Gidajenmu na Kirista kaɗan ne a cikin maƙwabta Musulmi, rijiya ɗaya muke sha. Mijinta, Baba, yana cikin waɗanda suka fara karɓar bishara a wajen, ita kuma ta bi shi har ta fi shi riƙo. Ita ke share 'yar majami'armu mai rufin ciyawa duk Asabar. Da idon Baba ya mutu, ita ke jan sandarsa zuwa sujada. Kullum da safe takan durƙusa a ƙofar ɗakinta ta jera sunayen mutanen gida a gaban Ubangiji, 'ya'ya da jikoki, har da jaririn maƙwabta in ba shi da lafiya. In ta zo kan mijina sai ta ce, "da wancan, Ka san shi," ta wuce. Mai wa'azinmu ya taɓa ce mata a gaban Allah babu kunya, ta ce ai Allah ba ya mantuwa.

Da na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya haɗa baƙi, sai ta riƙa sa ni ina karanta mata Littafi Mai Tsarki da la'asar tana ɓarar gyaɗa. Sunan mijina yana ciki, ni ma kuma ba na faɗar sunan miji. In mun iso wurin sai in ɗan yi shiru, ita ta gyaɗa kai, mu ci gaba. 'Yata takan tsokane ta, ta ce, "Tsohuwa, wai yaya sunan babana?" Sai ta ce, "Tafi can, mai kai kamar ludayi, ki tambayi wanda ya raɗa masa."

A kakar da ta gabaci babban farin nan da aka rasa ruwan sama, da hantsi, mijina yana juya harawa a gona kububuwa ta sare shi a hannu. Aka ɗaure damtsen da igiya aka kawo shi gida da ƙafarsa, yana ta cewa ba komai. Kafin azahar jini ya fara tsattsafowa daga dasashinsa, har tsohon tabon lauje da ke ƙaurinsa ya buɗe. Ban taɓa ganin haka ba, ban san mutum yana zubar jini ta inda ya daɗe da warkewa ba. Malam, maƙwabcinmu, ya ruga ya kamo shanu don a ɗaura amalanke a kai shi asibiti a Gaya.

Muka kwantar da shi a tabarma a tsakar gida. Gida ya cika, maza da mata. Inna tana bakin murhu ta juya mana baya, tana tuƙa tuwon da babu mai ci. Can sai ya daina amsawa. Na girgiza shi, Baba ya lalubo ƙafarsa yana kira, shiru. Matan maƙwabta suka fara salati.

Sai na ji muciya ta faɗi ƙasa. Inna ta ratso ta tsakiyar maza ko mayafi babu, ta zauna a ƙasa dirshan, ta ɗago kansa ta ɗora a cinyarta. Ta kira sunansa. Da ƙarfi ta kira, ta sake, ta kuma sakewa.

"Ni ce uwarka. Ka amsa mini."

Sannan ta ɗaga kai sama. "Ya Ubangiji, kullum ina ce Maka wancan. Yau ga sunansa, Ka ji shi da bakina. Ka bar mini shi."

Salati ya tsaya. Matar Malam ta rufe baki da hannu, wata dattijuwa ta juya fuska ga danga kamar ta ga tsiraici. Baba, da ba ya gani, ya shiga tambaya wace ce ke magana, don bai gane muryar matarsa da wannan suna a ciki ba. Na ce a raina tunda Inna ta yi haka, to mijina ya riga ya tafi.

Sai ya buɗe ido. Leɓensa ya motsa, da ƙyar muka ji na'am.

Ba ta sauke kansa ba. A haka aka ɗora su a amalanke, Malam yana kora shanu, ni ina biye da ƙafa har Gaya. Aka yi masa allura, muka yi kwanaki muna jinya. Yatsu biyu sun sandare har ƙarshen ransa, amma ya tashi.

Ranar da muka dawo gida, Inna tana ganin ya shigo zaure da ƙafarsa ta juya ta nufi murhu, ta ce mini a dama wa yaron nan kunu. Washegari na kasa kunne a ƙofar ɗakinta. Ta jera kowa, ta zo kansa ta ce, "da wancan, Ka san shi." Har ta rasu ba ta ƙara kiran sunansa ba, babu kuma wanda ya taɓa tayar mata da zancen, ko 'yata mai tsokana.

Bayan mun binne ta ne mijina ya gaya mini. Ya ce ranar nan ya yi nisa, yana jin muna kiransa kamar daga wata gona, bai ga dalilin juyowa ba. Sai ya ji sunansa a wata murya da bai taɓa jin ta faɗe shi ba, ya juyo ya ga ko wace ce.